Gemun Aro a Toliganj

Ƙarfe biyar na asuba, ruwa bai ɗauke ba,
Kalkata ta jiƙe har ɓargo.
Na riƙe lema mai karyayyen haƙarƙari,
na bi layin tarago zuwa Toliganj,
inda ake jirana da gam da gemun aro.

Ni ne Sarkin Bokayen Tsibiri na Bakwai,
kashi na ɗari huɗu da sha ɗaya.
Sukan ɗaura mini igiya a ƙugu su ja sama,
bayana koren ƙyalle ne kawai aka rataya,
amma daren Laraba, a talabijin,
za ku gan ni bisa kunkuru mai fukafukai
ina jifan gimbiya da dunƙulen wuta.
Tsawar nan kwanon rufi ne, wani yaro ke kaɗawa.

Kafin wannan, shekara ashirin da shida
ni ke fitowa a matsayin Komolesh mawaƙi
a dandalin unguwa, duk ranar tunawa da shi.
Na san rayuwarsa kamar yunwar cikina:
akawun gidan waya ne a ƙauyen bakin kogi,
yana rubuta baiti bayan ambulan da ba a zo karɓa ba.
Ambaliya ta tafi da matarsa da akuya biyu,
bai yi kuka ba sai da ya tsinci matajinta a laka.
Damina uku yana tari a ɗakin haya,
ya mutu ana binsa kuɗin shinkafa.
Sai bayan nan aka raɗa wa titi sunansa,
aka sassaƙa shi da dutse, hankaki na hutawa a kansa.

Na koyi ɗingishinsa. Na koyi tarinsa.
Mutum arba'in ke zuwa in an yi sa'a,
rabinsu don shayin da ake rabawa a kofin yumɓu.

Yanzu ko kasuwar kifi ba na iya ratsawa.
"Ga boka! Ga boka!" yara na biye da ni.
Shefali takan ƙara mini kan kifi kyauta
don kada in mai da mijinta kwaɗo.
Kuɗin boka ya saya mini maganin ido,
ya toshe yoyon ɗaki. Ba na raina shi.

Ran Litinin ruwa ya tare marubuci a hanya,
takardar surkulle ba ta iso ba.
Darakta ya ce, "Baba Budeb, faɗi ko mene ne,
ka dai zare ido, hayaƙi sai daga baya."
Ina lilo, igiya na cin kwiɓina,
fitila na narka gam a haɓata,
sai bakina ya kama hanyar da ya saba:

"Kogi, riƙe abin da ka karɓa,
bar mini matajin,
da sauran gashinta uku a jikinsa."

Ba wanda ya ce a yanke.
Yaron kwano ya manta da tsawarsa.
Darakta ya sosa ƙeya, ya dubi agogo,
ya ce ya yi, amma in ƙara ɗaga sanda.

Daren Laraba jikata Mirinmoyi
ta miƙe ƙafa a ƙasa da guggurun shinkafa.
Aka nuno ni cikin shuɗin hayaƙi,
walƙiya na fita ta hancina,
baitin ya fito kamar daga cikin rijiya.

Da safe na ji ta a bakin famfo,
ta nuna kyanwa da tsintsiya tana maimaitawa,
kalma bayan kalma, ko ɗaya ba ta tsallake ba,
tana jira kyanwar ta zama dutse.

Ban gaya mata na wane ne ba.
Na ɗauki lemata.
An ce yau kunkuru zai mutu,
kuma dole in yi kuka. Sun tanadi albasa.